Jini ɗaya, makoma daban: Yadda gado da halin rayuwa ke haɗuwa su jawo ciwon zuciya

Idan magidanci ɗan shekara 50 ya yanke jiki ya faɗi, aka ce zuciya ce, da wuya a tashi zaman makoki ba a ji wani ya ce "ai a gidansu haka suke, haka mahaifinsa ya tafi" ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ciwon zuciya da hawan jini suna bin dangi. Sai dai binciken da aka shafe gomman shekaru ana yi a nahiyoyi daban-daban ya nuna cewa rabin labarin ke nan. Mutane masu asali ɗaya kan samu makoma mabambanciya, gwargwadon inda suka tashi, da abin da suke ci, da irin aikin da suke yi, da kuma ko aljihunsu zai iya kai su asibiti.

Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Yadda mutum ya fahimci silar cutar shi ke nuna matakin da zai ɗauka. Wanda ya ɗauka gado ce zalla zai iya naɗe hannu, wanda kuma ya ɗauka sakaci ne zalla zai ɗora wa maras lafiya laifin abin da ya fi ƙarfinsa.

Daga Afirka ta Yamma zuwa Shikago

Shekaru da dama likitocin Amurka sun lura cewa hawan jini ya fi yawa a tsakanin baƙar fatar ƙasar fiye da farare, kuma da yawansu sun ɗauka cewa abin a jinin baƙar fata yake. A farkon shekarun 1990, Farfesa Richard Cooper na Jami'ar Loyola da ke kusa da Shikago, tare da abokan aikinsa, ciki har da masanin ƙwayoyin halitta ɗan asalin Najeriya, Charles Rotimi, suka ƙuduri aniyar gwada wannan zato.

Dabararsu ita ce bin sawun cinikin bayi. Mafi yawan kakannin baƙar fatar Amurka da na tsibiran Karebiyan daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kwashe su, don haka mafi yawan gadon jininsu ɗaya ne da na mutanen da suka rage a gida. Masu binciken sun auna jinin mutum kusan 10,000 da tsarin awo iri ɗaya a Najeriya da Kamaru da Jamaika da Sent Lushiya da Barbados da kuma garin Maywood na jihar Illinois.

Sakamakon da suka wallafa a 1997 ya nuna cutar tana hawa kamar matakala. Masu hawan jini sun kai kimanin kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a Karebiyan, sannan kashi 33 a Amurka. Abubuwan da suka riƙa hawa tare da cutar su ne ƙiba da yawan gishiri a abinci, da kuma ƙarancin sinadarin potasiyam da ake samu a ganye da 'ya'yan itace.

A 2005 Cooper ya faɗaɗa kwatancen zuwa Turai. Ya samu cewa a tsakanin al'ummomin baƙar fata, masu hawan jini sun kama daga kashi 14 zuwa 44 cikin 100, a tsakanin farare kuwa daga kashi 27 zuwa 55, kuma Jamus ce ke kan gaba. Da launin fata ne ke yanke hukunci, da ba a ga haka ba.

Abin da gado ke iya yi

Wannan ba ya nufin gado ba shi da tasiri. Akwai cututtukan da sauyi a ƙwayar halitta guda ɗaya tak ke haddasawa, kuma suna da ƙarfi matuƙa. Wadda aka fi sani ita ce cutar yawan kolestarol ta gado. Kolestarol wani nau'in kitse ne da ke yawo a jini, kuma idan nau'insa mai cutarwa, wanda likitoci ke kira LDL, ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini har su toshe.

Hanta ce ke tsame wannan kitse daga jini ta wasu ƙananan kafofi da ke jikin ƙwayoyinta. Likitoci biyu na jihar Teksas, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano waɗannan kafofi, abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Mai wannan cuta ta gado ana haihuwarsa ne da kafofin da ba su cika aiki ba, don haka kitsen na taruwa tun yana yaro, ko da siriri ne, ko da ba ya cin maiƙo. Ana ƙiyasin mutum ɗaya cikin kusan 250 na ɗauke da ita, kuma duk ɗan da ya haifa yana iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi.

Gado kan zo da kariya ma. A 2006, Helen Hobbs da Jonathan Cohen, su ma daga Teksas, sun wallafa bincike kan wata ƙwayar halitta mai suna PCSK9. A cikin baƙar fatar Amurka sama da 3,000 da aka bi lafiyarsu tsawon shekara 15, kashi 2.6 cikin 100 na ɗauke da wani sauyi da ya kashe aikin wannan ƙwaya. Kitsen LDL na waɗannan mutane ya yi ƙasa da na saura da kashi 28 cikin 100, haɗarin toshewar jijiyar zuciya kuma ya ragu da kashi 88. Wato a cikin al'ummar da ake cewa jininta ne matsalarta aka samo ɗaya daga cikin mafi ƙarfin garkuwar zuciya da kimiyya ta sani.

Daga wannan bincike aka ƙirƙiro sababbin allurai na rage kolestarol, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2015. Farashinsu na farko ya kai kusan dala 14,000 a shekara, kuɗin da ya fi ƙarfin akasarin mutanen da aka samo ilimin daga jikin 'yan uwansu.

Ƙananan sauye-sauye masu yawa

Ga mafi yawan mutane, gadon ciwon zuciya ba daga ƙwaya ɗaya yake zuwa ba. Ƙananan sauye-sauye ne masu ɗimbin yawa, kowanne da ɗan tasirinsa, waɗanda idan aka tara su sai su ɗaga haɗarin mutum ko su sauke shi. Masana kan haɗa su su fitar da maki, kamar yadda malami ke tara makin jarrabawa.

A 2016, Amit Khera da Sekar Kathiresan na birnin Boston sun wallafa nazari kan mutum sama da 55,000 a mujallar New England Journal of Medicine. Sun samu cewa waɗanda makin gadonsu ya fi na kowa yawa, haɗarinsu na kamuwa da ciwon jijiyar zuciya ya ɗara na masu mafi ƙarancin maki da kashi 91 cikin 100. Daga nan suka duba abubuwa huɗu: rashin shan taba, rashin ƙiba mai yawa, motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako, da cin abinci mai kyau. A cikin masu mummunan gadon, waɗanda suka cika aƙalla uku daga cikin huɗun sun rage haɗarinsu da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka cika ɗaya ko ba su cika ko ɗaya ba. A ɗaya daga cikin rukunonin da aka nazarta, yiwuwar kamuwa cikin shekara goma ta sauka daga kashi 10.7 zuwa 5.1.

Manomi ya san wannan tun tuni. Iri ɗaya za a shuka a fadama da kan tsandauri, amma girbin ba zai zo ɗaya ba.

Masinja da babban sakatare

Tambayar da ke biyo baya ita ce wa ke da halin zaɓen irin ƙasar da zai rayu a kai. Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga ma'aikatan gwamnatin Birtaniya. A 1967 aka fara bin lafiyar maza kusan 18,000 da ke aiki a ofisoshin gwamnati a Landan, a binciken da ake kira Whitehall, sunan titin da ma'aikatun suke. A lokacin an ɗauka ciwon zuciya cutar manya ce, masu ɗauke da nauyin yanke shawara.

Michael Marmot da abokan aikinsa sun samu akasin haka. A rahotonsu na 1978, masinjoji da masu gadin ƙofa sun fi manyan jami'ai mutuwa da ciwon zuciya fiye da ninki uku. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kowane mataki na aiki ya fi wanda ke samansa mace-mace, har a tsakanin masu rufin asiri. Dukkansu suna da albashi, dukkansu suna da damar zuwa asibitin gwamnati kyauta. Shan taba da hawan jini da kolestarol sun bayyana wani ɓangare na tazarar, amma ba su bayyana mafi yawanta ba.

A zagaye na biyu da aka fara a 1985 da ma'aikata sama da 10,000, maza da mata, an gano cewa rashin ta-cewa a wurin aiki na da alaƙa da ciwon zuciya. Mutumin da ake ɗora wa aiki ba tare da yana da iko kan yadda zai yi shi ba yana rayuwa ne cikin matsin da ba ya yankewa. Irin wannan damuwa tana sa jiki ya riƙa fitar da sinadaran da ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini da sukari, tana hana barci, tana kuma tura mutum ga taba.

Tasirin yanayi kan fara tun kafin haihuwa. A ƙarshen shekarun 1980, likitan Birtaniya David Barker ya bi tsofaffin takardun haihuwa na yankin Hertfordshire, ya ga cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Haka nan a ƙasar Holan, waɗanda iyayensu mata ke da ƙaramin cikinsu a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 sun fi takwarorinsu kamuwa da ciwon zuciya daga baya. Ke nan wani abin da ake gani yana bin dangi har a kira shi gadon jini, a haƙiƙa gadon yunwa ne da talauci.

Darasi daga Zariya da Kano

Akwai wani ciwon zuciya da ya haɗa ɓangarorin biyu a ƙasar Hausa. Ciwo ne da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa: naman zuciya ya yi rauni, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yankewa, musamman idan ta kwanta. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bayar da rahoton cewa a Zariya cutar na kama kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sun danganta ta da al'adun jego: kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta.

Wannan bayani ya daɗe a littattafan likitanci. Amma wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya sake fasalin fahimtar. Ya tabbatar da cewa cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, amma abubuwan da suka fito fili a matsayin masu ƙara haɗari sun haɗa da rashin ilimin boko, da rashin aikin yi, da rama, da hawan jinin masu ciki. Al'adun jego ba su nuna alaƙar da aka daɗe ana zato ba. Tun a 1992 kuma wani bincike a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ke fama da cutar, abin da aka sake gani a Kano daga baya.

Ta ɓangaren gado, wani nazari na 2016 kan mata 172 masu wannan ciwo a Amurka da Jamus da Japan ya samu cewa kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sauye-sauyen ƙwayoyin halitta masu raunana naman zuciya, akasari a ƙwayar da ke samar da wani furotin mai suna titin. Mace na iya ɗauke da irin wannan sauyi tsawon rayuwarta ba ta sani ba, sai nauyin ciki ya haɗu da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin da ba a gano ba, sannan raunin ya bayyana. Wadda ke zuwa awon ciki za a iya gano hawan jininta da wuri. Wadda asibiti ya yi wa nisa, ko ba a ba ta izini ko kuɗin mota ba, sai kumburi ya kai ta.

Wannan sakamako ba lasisin shan kanwa ba ne, domin gishiri mai yawa yana ƙara wa zuciya mai rauni nauyi ko ta wane hali. Abin da ya nuna shi ne ɗora wa al'ada laifi ita kaɗai yana ɓoye rawar da talauci ke takawa.

Giɓin da ke cikin ilimin kansa

Rashin daidaito ya shiga har cikin binciken. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na al'ummar duniya ba. Sakamakon haka, makin gado da aka gina da bayanan Turawa yana rasa kaifinsa sosai idan aka gwada shi a kan 'yan Afirka, duk da cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin halitta.

Don cike wannan giɓi aka ƙaddamar da shirin H3Africa a 2010, da tallafin Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya, kuma Charles Rotimi na cikin waɗanda suka assasa shi. A ƙarƙashinsa aka gudanar da binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda ya nuna cewa hawan jini ne babban abin da ke haddasa cutar a yankin.

Amfanin yin bincike a gida ya bayyana a 2019, lokacin da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin magungunan hawan jini kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida. An samu cewa haɗin da ke ɗauke da maganin amlodipine ya fi sauke jini a tsakanin baƙar fatar Afirka fiye da haɗin da babu shi. Magani ne tsoho mai sauƙin kuɗi, wanda ake samu a kantunan magani na unguwa.

Abin da iyali da hukuma za su iya yi

Gwajin ƙwayoyin halitta yana da tsada, amma tarihin dangi kyauta ne. Likitoci na ɗaukar mutum a matsayin mai ƙarin haɗari idan mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya kamu da ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar uwarsa kafin shekara 65. Mai irin wannan tarihi ya kamata ya faɗa wa likita, ya fara auna hawan jini da sukari da kolestarol tun yana matashi. Idan aka samu mutum ɗaya da kolestarol mai tsananin yawa, ya dace a gwada 'ya'yansa da 'yan uwansa. Macen da ta taɓa samun ciwon zuciya bayan haihuwa kuwa tana buƙatar shawarar likitan zuciya kafin ta sake ɗaukar ciki, domin ciwon na iya dawowa da ƙarfi.

Hawan jini ba ya cika nuna alama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 46 cikin 100 na manya masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Hukumar ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci ya kai giram biyar a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma a cikin lissafin har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano, da kanwa, da yajin tsire, da taliyar leda.

Sai dai shawara ita kaɗai ba ta isa ba a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, kamar Najeriya. Maganin hawan jini na kullum ne, kuma mai sayen sa da abin da ya samu a yini zai daina sha duk ranar da kasuwa ta ƙi. Na'urar awon jini mai aiki a kowane ƙaramin asibiti, da magani mai rahusa da ba ya yankewa, da awon ciki kusa da gida, da karatun 'ya'ya mata, da abinci mai gina jiki ga masu juna biyu, duk matakan kare zuciya ne. Ba wanda ya zaɓi jinin da zai gada, amma waɗannan abubuwa suna hannun masu tsara kasafin kuɗi a Abuja da manyan biranen jihohi, kuma su ne ke ƙayyade mutum nawa daga cikin masu ɗauke da gadon za su kai ga kwanciya a gadon asibiti.